Akuyata Ta Ci Ribar Sikeli

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe shugaban taro, iyayen ƙasa, malamanmu na Bodinga da Shagari, manyan asibiti da sunka taso daga Sakkwato, da sauran jama'a, ina gaishe ku. Ni na Tukur, manomin albasa daga Danchadi, kuma na gode da anka ba ni dama.

An tara mu don mu amince a kai sikeli kowace makarantar 'yan mata, kamar yadda anka gwada a makarantar ɗiyata Safinatu. To ni na zo shaida, don gidana anka ga amfaninshi.

Da farko, ina yaba ma hangen nesanku. Shekarar da damina ta gaza, gwamnati tac ce a tsuke bakin aljihu, mutane na layin shinkafa suna komawa hannu wofi, ku kun gano ciwon da ad damun ƙasa: ƙibar 'yan mata. Madalla!

Safinatu jikin kakarta ta ɗauko, haka Allah Ya yi ta. Ran Litinin anka jera su a makaranta, ita da sauran 'yan mata, anka ɗora ta bisa sikeli, anka kira nauyinta da ƙarfi gaban kowa. Wata yarinya tac ce, "Ashe ga inda shinkahwar gwamnati ta shige!" Makaranta ta ɗauki dariya, har malamai.

Tun ran nan ta bar cin abinci. Uwarta ta zuba mata tuwo, ta amsa da ladabi, ta zaga bayan ɗaki ta juye ma akuya. Tuwon da nika samowa da ƙyar.

Na biyu, na nemi shawarar masana, kuma kowa ya ba ni tashi. Ma'aikacin lahiya ya sake aza ta bisa sikeli, yac ce, "Malam Tukur, barka, an samu ci gaba." Tsohhin unguwa sunka ce iska na, a yi hayaƙi. Maƙwabta sunka ce rowata ta. Su ɗin nan da sunka ce ta cika ƙiba, su aka cewa yanzu wa zai kalli wagga ƙashi da rai. Babu wanda ya tambayi yarinyar mi ad damunta.

Na ukku, sakamako. Akuyata ta yi ɓul-ɓul, gashinta har ƙyalli shikai, mahauta na gaishe ni tun daga nesa. In lambar yabo za a ba wanga shiri, ita ta cancanci ta amsa.

Ku yi dariya, ni ma ita nika yi a waje. Amma wallahi tsoro nika ji. Ɗiyata ba ta iya ɗaukar tulu. Yau da sahe ta sha kunu cokali biyu, uwarta ta yi guɗa kamar an yi haihuwa.

Roƙona guda na. Kahin ku ɗaga hannu, wanda duk ya san sikeli alheri na, shi biyo ni Danchadi, shi zauna gaban Safinatu, shi sa ta haɗiye loma guda. In ya iya, ni zan ɗauko muku sikelin bisa kaina.

Allah Shi ba mu damina mai albarka, Shi ba shugabanninmu tausayi, Shi mai da kowa gida lahiya, Shi iske ɗiyanshi suna cin tuwo.

Na gode.