Inda Suka Sake Gini

A tashar Kwalkwalawa da ke Sakkwato, Barnabas, malamin tarihi, yana jiran mota ta cika yana kallon wani tsohon bidiyo a wayarsa. Sai dattijon da ke gefensa, wani dillalin shanu, ya leƙo.

"Malam, su wane ne waɗanga cikin ƙanƙara?"

"Sojojin Jamus ne, Baba, masu yaƙin kan duwatsu, can arewacin Finland a yaƙin duniya na biyu. Da za su janye, sai suka bi gari-gari suna cinna wuta."

"Mutanen garin hwa?"

"An riga an kwashe su. Da suka dawo, bututun hayaƙi kaɗai suka tarar a tsaye. Bareyin da suke kiwo kamar shanu ma an karkashe da yawa."

Dattijon ya ƙura wa wayar ido, ya ce:

"Mu da anka ƙone garinmu, turakun shanu munka iske. Turaku da toka."

"Mu kuma duwatsun murhu, can Filato," in ji Barnabas a hankali. Bai taɓa gaya wa kowa a Sakkwato ba.

"Waɗanga sun sake gini?"

"Sun sake, Baba."

"To wuce wurin wutar nan, ɗana. Kai mu inda sunka aza tubali."