Kunun da Sista Bernice Ta Sha a Taba

Ranka ya daɗe Hakimi, mai girma Kantoman Makarfi, Rabaran da dattawan ikilisiya, Malam Liman da ka taso tun daga Taba, Malam Ilisha maigidan marigayiya, Irene da Cecilia 'ya'yanmu, jama'a maza da mata, sannunmu da haƙuri.

Ni Nehemiya, abokin aikinta a asibiti, aka ce in yi magana a madadinmu.

Ta kasance ungozoma mai faɗa. Wanda bai sha faɗanta ba a nan bai taɓa kawo mai naƙuda a makare ba. Ta kasance mai dariya da ƙarfi, har daga ɗakin magani muna jiyo ta. Kuma ta kasance ba ta shan kunun tsamiya. Malam Ilisha, kai ne shaida.

A shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da ko auduga sai majiyyaci ya sayo, an kawo mana wani likita mai shiga ɗakin tiyata a buge. Mun gani, mun yi shiru, domin yayansa babban soja ne. Wata mata daga Taba ta ga abin da ya yi wa wata mai haihuwa, ta aiko a asirce tana son ganin Sista. Da an gane matar, da mijinta ya kwana a bariki, ita kuma aurenta ya mutu.

Hukumar da ke ba likitoci lasisi ta ce za ta ɓoye sunan mai shaida. Sista ta ce mini, "Nehemiya, su a Legas za su ɓoye. A Taba fa? Babur ɗina ya tsaya a ƙofar gida ɗaya, kafin la'asar kowa ya sani."

Sai ta shiga gaisuwa gida gida a Taba. Ta gai da tsofaffi, ta duba jarirai, ta tambayi gona. Kun san al'adarmu, baƙuwa ba ta fita ba ta sha abin da aka kawo mata ba. Ko'ina kunun tsamiya aka miƙo, ko'ina ta shanye. Ta dawo tana riƙe da ciki tana ce mini, "Mutanen nan kashe ni za su yi da alheri." A ɗaya daga cikin gidajen nan ta ji abin da ta je ji, ta kai ƙara da sunan kanta ita kaɗai.

An karɓe lasisin likitan. Ita kuma aka kira ta bariki, aka tambaye ta gidan wa ta shiga. Ta ce, "Ranka ya daɗe, duka na shiga." Aka cilla ta wani ƙauye bayan Ikara, ta tafi ba ta yi ƙorafi ba.

Irene, Cecilia, kun taɓa tambayata dalilin da ya sa kuka taso uwarku na nesa. Ga dalilin. Ko babanku ba ta faɗa wa sunan matar ba, ni ma ban sani ba, kuma muna alfahari da rashin saninmu.

Matan Taba, na ga kun cika benci. Wataƙila tana cikinku. Ina roƙon jama'a, kada kowa ya waiwaya. Baiwar Allah, ki yi kukanki cikin namu, Sista ta tafi da sunanki.

Mun gode muku da kuka zo. Ubangiji Ya ba ta hutawa, Ya ta'azantar da gidan Malam Ilisha, Ya mayar da kowa gida lafiya. Amin.