Akwatin Iska da Ƙafar Baba

Da hantsi ne, ana ɗan yayyafi. Ina zaune a ɗakin jira na asibiti, a sashen da ake sa majiyyata cikin akwatin iskar oksijin, kusa da wani dattijo mai naɗaɗɗiyar ƙafa da wani direba.

"Baba, kai ma akwatin iskar nan za su rufe ka a ciki?" in ji direban.

"Haka likita ya ce. Ciwon suga ya hana gyambon warkewa. Ko iskar ta yi aiki, ko a yanke ƙafar."

"Iskar da Allah ya ba mu kyauta ake sayarwa kamar kuɗin gona? Kuma ba shiga ɗaya ba ce, kullum sai ka dawo."

"Sun ce tana ratsa jini, ta farfaɗo da naman."

"Sun ce dai. Sun gaya maka kunne kan fashe? Ko man shafawa ba a shiga da shi, wai gudun gobara."

"Ɗana, ka san abin nan da yawa. Wa kake jira?"

Direban ya ce, "Maiɗakina ce a ciki. Motata na sayar."

"To, nata ciwon ya ja baya?"

"Warin ya ragu. Amma ban yarda da su ba tukuna."

Sai nas ta leƙo. "Baba, cire takalmi ka shigo."

Dattijon ya sunkuya, hannunsa bai kai ba. Direban ya durƙusa, ya zare masa takalmin a hankali.

"In kunnen ya toshe, ka riƙa haɗiyar yawu," in ji direban.

Baba ya ɗingisa ya shige, bai waiwayo ba.