Azumin Asibiti Babu Sahur

Assalamu alaikum, malam mai gabatarwa. Daga Nassarawa GRA nake rubutowa.

Likita ya ce za a zura mini kyamara ta maƙogwaro a duba cikina, in zo da azumi. Ni kuwa da asuba na yi sahur da tuwo. Na haɗiye robar kyamarar ina kakarin amai, sai ya zare ta ya ce, "Hajiya, tuwo kawai nake gani."

Sai bayan wata guda aka sake ba ni rana. Wannan karon ya ga wani ƙari ya tsiro a cikina, ya gutsuro don gwaji. Yanzu ko kunu da ƙyar yake zama a cikina.

Jama'a, azumin asibiti babu sahur. Ina jiran sakamako, ku sa ni a addu'a.