Ƙofar da Baba Ya Ƙi Shiga

A tashar Goronyo, muna jiran mota ta cika, wata budurwa ta miƙa wa wani dattijo mai buhun albasa wayarta.

"Baba, wasan waya munka haɗa ni da abokan aikina, ina duba yadda sabon hannu ke hwara shi. Tura mutumen ga ya shiga gidan can ya ɗauko mabuɗi."

Dattijo ya kai ɗan mutumen cikin wayar bakin ƙofa, ya ɗauke yatsa.

"Mi yat tsai da kai, Baba? Maɓallin bai aiki?"

"Shina aiki. Jira nikai."

"Jiran mi?"

"Na yi sallama sau biyu, ba a amsa ba."

"Ai babu kowa ciki!"

"To takalman matan ga na bakin ƙohwa, wa ya aje su?"

"Ado kawai munka zana."

"Ado? Ɗiyata, da hurhurata za ki sa in hwaɗa gidan mutane in ɗauki mabuɗi?"

Ta dafe kai. "Mutum goma sha ɗaya nan sunka tsaya! Wata biyu muna gyaran maɓalli!"

"Maɓalli lahiya lau shike. Sallama ɗaya ta rage. In ba a amsa ba, ni da mutumenki gida za mu."