Yadda Na Zuba Kuɗin Kai Gawa Gida a Hannun Jarin Kwabo

Salamar Ubangiji ta tabbata a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu.

Sunana Rifkatu, aikin jinya nake yi. Shekara shida ni ke riƙe da asusun kai gawa gida na zumuntarmu ta Beltsville, nan jihar Maryland. Kun san tsarin: kowa ya yi zubi duk wata, in ta Allah ta kasance a sa mutum a jirgi a kai shi ƙasar iyayensa. Kun ba ni amanar ne don ba na ragawa kowa a kan gaskiya. To, yau da kaina zan fara.

Bara aka saka ni a wani dandalin waya na 'yan arewa. Ba wanda ya taɓa ganin fuskar shugabansa, amma Hausarsa garau, kuma kullum da aya yake buɗe mana safiya. Ya ce akwai wani ƙaramin kamfani mai haƙar ma'adinai a Nasarawa, hannun jarinsa guda bai kai dala ɗaya ba. Jin sunan gida kawai ya sa na saki jiki. Na zuba albashina, ya ninka cikin mako biyu. Sai zuciya ta raya mini cewa kuɗin asusu suna kwance a banki a banza. Na kwashe su kaf na zuba a jarin.

Kwaɗayi mabuɗin wahala! Ashe su shugaban sun sayi jarin tun yana arha, suna zuga mu farashi yana hawa, su kuma suna sauke nasu a kanmu. Wasu kuma suna laɓe a gefe, masu aron hannun jari su sayar da tsada, su jira ya faɗi su saya da arha su mayar, ragowar ta zama ribarsu. Su suka baza cewa ramin ma'adinan ko shebur bai taɓa gani ba. Ina cikin raba magani a asibiti na duba waya, na ga farashin yana zubewa. Kafin in tashi daga aiki an rufe dandalin.

A makon nan ne likitoci suka sallami dattijonmu Baba Bitrus, suka ce ya koma gidan 'yarsa a Springfield ya jira lokaci. Bai taɓa fashin zubi ba. Burinsa ɗaya, a kwantar da shi gefen matarsa can gida a Zonkwa.

Daga nan duk ƙarar waya sai in ɗauka labarin rasuwarsa ne. Ina roƙon Allah ya ja masa kwana, ba don ƙauna ba, sai don asirina ya rufu. Har na fara neman rance in koma kasuwar in rama.

Wata safiya a filin ajiye motoci, takardar rancen tana hannuna, na kasa fita daga mota. Na ce, Ubangiji, ni ɓarauniya ce, ka cece ni daga kaina. Ban ji murya ba, amma na san inda zan nufa. Na yaga takardar, na kama hanyar Springfield.

Na durƙusa gaban gadonsa na faɗa masa komai. Hawaye suka gangara masa cikin kunne. Can ya ce, "'Yata, ƙahon ranar tashi zai kai Maryland ma. Ku binne ni a ƙasar nan. Amma ki faɗa wa jama'a da bakinki." Sai ya juya fuskarsa bango.

Kwana tara bayan haka ya cika, aka binne shi a nan. Na faɗa wa jama'a, ga ni kuma ina sake faɗa. Ina ƙarin aiki ina mayar da kuɗin, kuma tun ranar Yesu ya cire mini ƙishin kasuwar nan. Godiya ta tabbata gare shi!

Ku dogara ga Ubangiji, 'yan'uwa, ko laifinku ya kai nawa yana gafartawa. Amma wanda baƙo ya yi wa zaƙin baki da harshen gida, kafin ya taɓa amana ya je maƙabarta ya ga inda Baba yake kwance, ya auna nisan wurin da Zonkwa. Amin.