Buhunan da Muka Wanke

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamai da dattawan unguwa, Muhandisa Shahd, injiniyarmu da ta jure taurin kanmu, iyaye mata, jama'ar Umdurman da waɗanda suka cika raksha mai ƙafa uku daga unguwar Kalakla, ina gaishe ku, ina gode muku.

Ni ne Ladan, mai hura tukunyar ƙaramar tashar lantarkinmu da ke cin gawayin kwal. Na zo da murna, amma sai na fara da laifi.

Kun san a bayan tukunyar akwai dogayen buhuna masu tare toka kafin hayaƙi ya fita. Mu kuwa jikokin masu tsinkar auduga ne a Jazira, a wurinmu buhu in ya yi dauɗa wanke shi ake yi. Muka ciro su, muka wanke tas, muka mayar da su da danshinsu, muna alfahari. Toka ta kame a jikinsu kamar siminti, wuta ta shaƙe. Don kada unguwa ta rasa lantarki, da hannuna na buɗe ƙofar gefe, hayaƙi ya fita babu tacewa.

Wata uku toka na sauka a kan shanyarku, a kan kisrar da kuke ci, a cikin ƙirjin mahaifiyata Hajja Sittana. Likita ya ce ko tokar ta tsaya, ko ta bar unguwar. Matar da yaƙi ya kora sau ɗaya, ta dawo da ƙyar! Ta dube ni ta ce, "Ya waladi, ɗana, harsashi ya fitar da ni na dawo. Yanzu kai za ka fitar da ni?" Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na je na faɗa wa Muhandisa gaskiya. Ta riƙe kai ta ce, "Ya Ladan, buhun nan iska ke kaɗe shi, ba ya son ruwa!" Muka sa sababbi, muka toshe ƙofar gefe da walda, muka koyi aikin daga tushe.

Yau ku ɗaga ido ku dubi bakin bututun hayaƙin. Tukunya na ci, fankokinku na juyawa, sama kuwa fes! Toka na tafiya wurin masu bulo. Hajja ta kwance ƙunshin kayanta, jiya ma da kanta ta taka zuwa kasuwa, ta dawo tana yi mini faɗa a kan tsadar tumatir.

Allah Ya tsare ƙirazanmu, Ya zaunar da Sudan lafiya, kada Ya sake raba tsoho da ɗakinsa.

Na gode.